Ciwon Ƙugu: Abin da Tausa Ke Iyawa da Abin da Ya Fi Ƙarfinta

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin mahauci a kasuwar Kontagora ya ga yadda ake ɓare wani farin abu mai sheƙi daga jikin tsoka. Mahauci ya soka bakin wuƙa a ƙarƙashinsa, ya ja, sai ya taso kamar leda. Tantani ke nan. Ɗan Adam ma yana da irinsa, likitoci na kiransa fasiya, kuma shi ya naɗe kowace tsoka ya haɗa ta da 'yar uwarta. A gadon baya yana da kauri da faɗi, daga ƙugu har zuwa wajen haƙarƙari, kuma akwai jijiyoyin jin zafi a cikinsa.

Da can ɗaliban likita ma ɓare shi suke yi su yar, don su kai ga tsoka. Sai a 2007 masana suka yi babban taronsu na farko a kansa, a birnin Boston na Amurka. A 2011 wata likita mai bincike, Helene Langevin, da abokan aikinta suka duba bayan mutane da na'urar hoton ciki, suka ga cewa a jikin masu daɗaɗɗen ciwon baya, sulɓin da shimfiɗun tantanin ke yi a kan juna ya ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari. Ko wannan ne ya kawo ciwon, ko ciwon ne ya hana motsi har tantanin ya sandare, binciken bai raba gardama ba.

Manomin da ya wuni sunkuye da fartanya a gonar masara ba ya buƙatar wannan bayani kafin ya san ƙugunsa ya riƙe. Yana dawowa zai kwanta rub da ciki a tabarma, ya ƙwala wa autansa kira: “Zo ka taka mini baya.” Yaro ya dafa bango ya yi ta tattaki, uban na nishi yana cewa, “Yauwa, nan, nan.” Direban tirela da ya taso daga Mokwa zai miƙe Yawuri, shi kuma man zafi ne a aljihun ƙofa. Tela, ɗan acaba da matar da ke surfe, kowa da tasa dabarar.

Shin tausa na aiki? Tana yi. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disamban 2023 kan daɗaɗɗen ciwon baya, inda ta ce ciwon baya gaba ɗaya ya addabi mutum miliyan 619 a 2020, ta sa tausa cikin abubuwan da za a iya yi, tare da motsa jiki da wayar da kan mai ciwo. Amma mai tausar da ke cewa ya “warware” tantani ko ya “mayar da ƙashi wurinsa” ya ɗan ƙara gishiri. Tantanin baya ya fi ƙarfin yatsa, mahauci ma sai da wuƙa. Abin da hannu ke yi shi ne kwantar da jijiyoyin jin zafi, tsoka ta saki, mutum ya samu sararin motsawa. Sauƙin kan yi awanni ko 'yan kwanaki, kuma ribarsa tana ga wanda ya yi amfani da wannan sararin ya tashi ya taka.

Batun zama ma haka yake. An daɗe ana tsawata wa yara su miƙe baya, alhali bincike bai gano wani zama guda da ke kare kowa daga ciwo ba. Daɗewa a yanayi ɗaya ne matsalar. Tela ya tashi daga kan keke duk bayan rabin awa, ya dafa ƙugu ya ɗan lanƙwasa baya. Direba in ya tsaya shan mai ya sauko ya zaga motar, kada ya zauna yana miƙo kuɗi ta taga. Manomi ya riƙa sauya hannu, ya miƙe a ƙarshen kowace kunya. Buhun masara kuwa a matso da shi jiki kafin a ɗaga, in ya yi nauyi a nemi a kama. Kwanciya kwana da kwanaki da sunan hutu ƙara sandarar da baya take yi.

Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya sun hana dogaro da ɗamarar ƙugu da magunguna dangin tiramadol. Su diklofenak da ake saye a kyamis kamar gyaɗa, shansu wata da watanni na jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda.

Wajen kashi 90 cikin ɗari na ciwon baya ba a samun wata cuta takamaimai a bayansa. Ragowar ne abin tsoro, kuma nan tausa, ƙaho da takun yaro ba su da hurumi. Wanda ƙafarsa ta fara mutuwa, ko tsakanin cinyoyinsa ya daina ji, ko fitsari da bayan gida suka kufce masa, asibiti zai nufa a ranar. Haka wanda ciwon ya zo masa da zazzaɓi, rama da gumin dare, domin tarin fuka kan ci ƙashin baya, da wanda ya faɗo daga babur, da mai sikila. Ya fara da Babban Asibitin Kontagora, in abin ya wuce nan a tura shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Bida ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Mai neman likitan gashin ƙashi kuma yana da damar tambaya ko likitan yana da rajista da hukumar MRTB, wadda ke ba irin waɗannan likitoci lasisi a Nijeriya, kafin ya cire riga ya kwanta.