Yadda Ciki Ke Narkar da Abinci, Ƙoda Kuma Ta Tace Jini

Narkar da abinci a baki yake farawa, tun kafin a haɗiye. Idan mutum ya gutsuri lomar tuwon gero ya tsoma a miyar kuka, haƙora su ke niƙa ta, harshe ya juya, yawu ya jiƙa. Jiki yana fitar da yawu lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a kullum, kuma a cikinsa akwai sinadarin amilas mai fara mayar da sitacin hatsi ya zama sukari. Shi ya sa tuwo kan yi ɗan zaƙi a baki idan an daɗe ana tauna shi.

Wajen haɗiya, wani ɗan murfi yakan rufe hanyar numfashi, lomar ta bi hanyar abinci mai tsawon santimita 25 zuwa tumbi. Ba faɗawa take yi ba, naman bututun ne yake matsa ta gaba kaɗan-kaɗan, kamar mai tatsar hanjin rago da yatsu. Wanda ya yi magana da loma a baki har murfin ya makara, shi ne yake ƙwarewa.

Tumbin ɗan Adam ɗaki ɗaya ne, ba kamar na saniya da rago mai ɗaki huɗu ba. A nan abinci yake haɗuwa da ruwa mai tsananin tsami, wanda ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta, ya kuma taimaki sinadarin fefsin wajen ɓarza nama da wake da nono. Majina mai kauri ta lulluɓe bangon tumbin don kada ya ci kansa. Inda ta yi rauni, nan gyambon ciki yake kamawa. Fura da nono ba sa daɗewa a nan, amma tsire mai kitse yakan zauna awa huɗu ko fiye. Daga ƙarshe komai ya koma kamar kunu, tumbi ya riƙa sakinsa a hankali.

Babban aikin a ƙaramin hanji ake yin sa, kuma sunan na yaudara ne, domin tsawonsa ya kai mita shida. Siriri ne kawai. A farkonsa ruwa biyu suke shigowa. Na farko daga hanta, wanda ke taruwa a matsarmama, ƴar jakar nan mai ruwan kore da mahautan kasuwar Illela suke yankewa da kaffa-kaffa, domin in ta fashe hantar takan yi ɗaci. Aikin wannan ruwa shi ne wargaza mai, kamar yadda sabulu ke yi wa kwanon miya. Na biyu daga wani kututtun nama da ke kwance bayan tumbi, wanda likitoci ke kira fankiriyas. Ruwansa yana kashe tsamin da ya biyo abinci, ya ƙarasa narkar da sitaci da nama da mai. Fankiriyas ɗin ne kuma ke fitar da insulin, wanda ƙarancinsa ko rashin tasirinsa ke kawo ciwon sukari. Cikin hanjin yana da ƴan ƙananan tsiro miliyoyi, kamar gashin darduma, su ke tsotse abin da ya narke su miƙa wa jini.

Abin da ya rage, dusar gero da zaren ganye, yakan wuce babban hanji mai tsawon mita ɗaya da rabi. Nan ake tsotse sauran ruwa, tukar ta daskare ta fita bayan gida. Gudawa da kwalara suna kayar da mutum ne saboda ruwan da ya kamata ya koma jini yana zubewa waje.

Jinin da ya ɗauko abinci daga hanji sai ya biya ta hanta tukuna. Ita ke ajiye rarar sukari, ta rage dafin magunguna, ta kuma mayar da dattin da ke fitowa daga sarrafa nama ya zama yuriya, wanda jini zai kai ƙoda.

Ƙoda biyu ne, a baya, ƙarƙashin haƙarƙari, kowace kamar ƙwayar wake mai tsawon santimita 10 zuwa 12. Duk da ƙanƙantarsu, kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke bugawa ta cikinsu yake bi. Kowace tana da ƴan matatai kimanin miliyan ɗaya. Tacewar tasu kuwa tana da ban mamaki: maimakon su tsince datti kawai, sai su fara zubar da kusan komai, ruwa da gishiri da sukari da yuriya, su riƙe ƙwayoyin jini da manyan sinadarai. Abin da suke tacewa a kwana ɗaya ya kai lita 180, wato jarka tara ta lita ashirin. Sa'an nan, a cikin ƴan siraran bututu, su dawo da kusan dukkansa cikin jini. Lita ɗaya da rabi kawai ke zama fitsari, ya gangara ta bututu biyu zuwa mafitsara.

Ƙwaƙwalwa ce ke ba da umarnin yawan ruwan da za a dawo da shi. A bazarar Sakkwato, watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ɗan dako ko ɗan kabu-kabu mai zirga-zirga tsakanin Illela da Birnin Ƙonni yana zubar da ruwa mai yawa ta gumi. Jini ya yi kauri, ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin da ke sa ƙoda ta ƙara riƙe ruwa, fitsari ya ragu ya yi ja kamar shayi. In abin ya zama na kullum, gishirin da ke ciki yakan dunƙule ya zama tsakuwar ƙoda. Ya fi muni idan mai ƙishirwa ya ɗora da maganin ciwon jiki irin su diklofenak, domin suna rage jinin da ke isa matatan.

Ƙoda kuma tana daidaita hawan jini, tana sakin sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, shi ya sa mai ciwon ƙoda yakan yi fari fat. Hawan jini da ciwon sukari su ne manyan masu lalata matatan, kuma a ɓoye suke yi, shekara da shekaru, kafin ƙafa da fuska su kumbura. Idan ƙodojin biyu suka gaza, inji ne ke karɓar aikin, abin da ake kira wankin ƙoda, irin wanda ake yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato: kimanin awa huɗu a kowane zama, sau biyu ko uku a mako.