Malam Yohanna Gowon, mai ginar rijiya

Wusasa ƙaramin gari ne a gefen birnin Zariya, cikin ƙasar Nijeriya. Akwai asibitin mishan a can, kamar wanda yake Galmi, bisa hanyar Madawa zuwa Ƙwanni. Akwai kuma wata tsohuwar majami'a ta ƙasa, wadda maginan Hausa suka gina a 1929. A wannan gari ne Malam Yohanna Gowon ya zauna fiye da shekara 30, har ya rasu.

Malam Yohanna ba Bahaushe ba ne. Shi mutumin ƙabilar Angas ne. Garinsu Lur, can cikin duwatsun Filato. Ƙasarsu ta yi kama da Adar: dutse ko'ina, sai manomi ya sha wahala kafin ya ci. Yohanna ya tashi cikin addinin kakanninsa. Da ƴan mishan na CMS suka iso ƙasarsu, sai ya karɓi addinin Kirista. Ya riƙe shi da gaske, har ya zama mai bishara.

Ya yi aure ranar 26 ga Afrilu 1923. Ashe a wannan rana ce aka ɗaura auren wani ɗan sarkin Ingila, wanda ya zama Sarki Joji na shida daga baya. Malam Yohanna yana jin daɗin ba mutane wannan labari. Allah ya ba shi ƴaƴa 11. Na biyar ɗinsu, Yakubu, an haife shi ranar 19 ga Oktoba 1934.

A 1930 mishan ta CMS ta bar aikin ƙasar Angas a hannun wata mishan. A 1936 Malam Yohanna ya kwashe iyalinsa, ya koma Wusasa. Ya bar danginsa da gonakinsa, ya zama baƙo. A Wusasa da Hausa ake wa'azi, da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda aka buga a 1932. Ya ci gaba da aikin bishara cikin ƙauyukan Zazzau.

Amma Malam Yohanna bai yi karatu mai zurfi ba. Da aka samu samari waɗanda suka fi shi boko, sai aka sallame shi daga aikin. Ga shi ya fara manyanta, ga baki da yawa a gida, ga garinsu da nisa. Wani da ya ga haka, sai ya yi fushi, ya daina zuwa majami'a. Wani kuma ya zauna gindin itace yana zargin mutane. Shi bai yi ko ɗaya ba. Ya karɓi aikin ƙarfi a asibitin Wusasa. Yana ginar rijiya, yana ginar salga, yana ginar kabari. Da damina kuma yana noma.

Yaran Garhanga sun san darajar rijiya, don sun ga yadda iyayensu mata suke wahalar ruwa da rani. Ginar rijiya aiki ne mai haɗari. Magini yakan sauka da igiya, ya sari ƙasa da dagi, ya cika kwando, na sama su ja. In rami ya yi zurfi, iska takan ƙaranta, zafi ya yi yawa. Wani lokaci ƙasa takan rufta. Ginar salga kuwa, mutane da yawa suna ƙyamarta. Amma asibiti ba ta zama sai da ruwa mai tsabta da salga mai kyau. In ba su, zawo da atuni su kama marasa lafiya, maganin likita ya zama banza. Kabari kuma, kowa yana bukatarsa ranar da ba ya iya yi wa kansa kome.

Da wannan aiki Malam Yohanna ya ciyar da gidansa, ƴaƴansa kuma suka yi karatu. Yakubu ya fara lakwal a Wusasa, ya wuce kwalejin gwamnati ta Zariya, ya shiga soja a 1954. Ranar 1 ga Agusta 1966 ya zama shugaban ƙasar Nijeriya, bai cika shekara 32 ba. A zamaninsa aka yi yaƙin Biyafara, daga 1967 zuwa 1970. A watan Yuli 1968 ya zo Yamai, wurin taron neman sulhu, lokacin mulkin Shugaba Jori Hamani. Da yaƙi ya ƙare, ya yi wa waɗanda aka ci ahuwa, bai yarda a ɗauki fansa ba.

Malam Yohanna ya yi tsawon rai. Ya ga jikokinsa, ya ga ɗansa bisa mulki. Ya rasu a 1973, yana tsoho tukuf, yana riƙe da addininsa. Mutane da yawa sun san shi don ɗansa. Amma tun kafin ɗan ya sa kayan soja, uban ya riga ya nuna halinsa cikin ramin rijiya. Aiki na halal ba ya rage mutuncin mutum, ko Musulmi ne ko Kirista. Hausawa sun ce, mai haƙuri yakan dafa dutse.

Ma'anar kalmomi

Majami'a: ɗakin da Kirista suke taruwa su yi addu'a.
Mai bishara: mai wa'azin addinin Kirista.
Dagi: ƙarfe mai kaifi na ginar rami.
Ahuwa: yafe laifi.

Tambayoyi

1. Ina Wusasa take? Wane gari na jihar Tawa yake da asibiti irin tata?
2. Mi ya sa aka sallami Malam Yohanna daga aikin bishara?
3. Waɗanne ayyuka uku ya yi a asibiti?
4. Don mi ba a ginar salga kusa da rijiya?
5. Shekara nawa ke tsakanin aurensa da rasuwarsa?

Aiki

a) Ku je wurin wani tsoho na garinku, ku gaishe shi da ladabi. Ku tambaye shi sana'o'in da ya yi tun yana saurayi. Ku rubuta jimla biyar bisa abin da ya faɗa muku.
b) Ku juya wannan jimla da Faransanci: "Yana ginar rijiya, da damina kuma yana noma."