Darasin Tarbiyya: Wa Zai Tausaya Wa 'Yar Mowa?

'Yar uwa, darasinmu na wannan fitowa a kan tatsuniya ne, wadda kika ji a bakin kaka, kike kuma yi wa yaranki bayan sallar isha'i, ko a Yakasai kike ko Mandawari ko gindin Dala.

Kin san ta Ruwan Bagaja. An tura 'yar bora wanki, ta yi ladabi ga duk abin da ta tarar a hanya, har cinya da kare, ta zaɓi ƙaramin ƙwai, ta komo da dukiya. 'Yar mowa ta bi sahu da rashin kunya, ta ɗauki babba, ta komo da abin kunya. Nan yara kan fashe da dariya, har a ce Allah ya ƙara!

To, dakata. Wa ya koya wa yarinyar nan raini? Wa ya tura ta don hassada? Uwarta ce. Ashe ita ma an cuce ta. In gidanki akwai abokiyar zama, ki sani yaro ba ya barin tatsuniya a kan tabarma. Gobe da safe zai nemi 'yar mowa a tsakar gida, kuma 'yar uwarsa ce uba ɗaya.

Dubi tarbiyyar addini. 'Yan uwan Annabi Yusuf (AS) sun jefa shi rijiya, amma da ya sami iko a Masar ya yafe musu, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf, aya ta 92. Hindu bint Utba ta wulaƙanta gawar Sayyidina Hamza (RA) a Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira. Ranar buɗe Makka, shekara ta 8, ta musulunta, Manzon Allah (SAW) ya karɓi mubaya'arta.

Tausayi ba goyon bayan laifi ba ne. A ƙi mugun hali, a yi wa mai shi fatan shiriya. Saboda haka:

1. Kada ki sauya tatsuniyar, bari laifi ya ga sakamakonsa.
2. Bayan ƙurunƙus, tambayi yara: me ya kai ta ga haka? Da kai ne ɗan uwanta, me za ka yi mata?
3. Kada ki yi wa kowa habaici da ita, ko da wasa.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya wanke zukatanmu daga ƙiyayya, amin. Wassalam.