Direban Kwamfuta: Inda Ya Kamata a Samo Shi

A bakin masu gyaran kwamfuta, direba wata ƙaramar manhaja ce da ke aikin tafinta tsakanin Windows da kowane sashe na na'ura, kamar lasifika da katin intanet da firinta da na'urar ɗaukar zanen yatsa, ta yadda idan babu shi sashen zai zauna shiru ko da lafiyarsa ƙalau. A Illela, wadda ke fuskantar Birnin Ƙonni, akan ci karo da wannan matsala sau da yawa, domin kwamfutocin da ke hannun jama'a galibinsu na hannu ne, wasu ma ta Nijar suka shigo da Windows na Faransanci, inda ake kiran direba da sunan pilote. Da zarar an goge irin wannan kwamfuta an zuba sabon Windows, sai sauti ya ɗauke, firinta ta ƙi amsawa, mai ita kuma ya ɗauka an cuce shi a ciniki.

Abin da ya fi tayar da hankali a shagon gyara shi ne maganin da ake garzayawa a nemo, wato filas ɗaya da ke zagaya shaguna ɗauke da tarin direbobin da ba a san asalinsu ba, ko manhajojin da ke alkawarin girka komai da dannawa ɗaya. Uzurin da ake bayarwa shi ne tsadar data da raunin sabis, kuma uzuri ne na gaskiya, sai dai arahar ba ta kai girman haɗarin ba, saboda direba yana aiki ne a zuciyar tsarin kwamfuta, inda yake da ikon da ya wuce na sauran manhajoji. A ranar 19 ga Yuli, 2024, wani sabunti mai kuskure da kamfanin CrowdStrike ya tura wa manhajarsa mai aiki a wannan mataki ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft, alhali ba da mugun nufi aka yi ba. Ƙwayar cutar Stuxnet kuwa, wadda aka gano a 2010, ta filas take yaɗuwa, kuma direbobinta suna ɗauke da hatimin tabbatar da sahihancin manhaja da aka sato daga kamfanonin Realtek da JMicron na Taiwan, abin da ke nuna cewa hatimi kaɗai bai wadatar ba sai an san hannun da fayil ya fito.

Hanyar da ta dace tana farawa ne da sanin sashen da ke neman direba. A cikin Device Manager, wato jerin sassan na'ura da Windows ke nunawa, duk sashen da ba shi da direba yana fitowa da alamar ruwan ɗorawa, kuma a bayanansa akwai lambar shaida da ke fallasa wanda ya ƙera shi: VEN_8086 na Intel ne, VEN_10EC na Realtek, VEN_10DE kuma na Nvidia. Daga nan sai a jona waya da kebul a ba kwamfutar intanet, a bar Windows Update ya nemo abin da zai iya, ragowar kuma a sauke daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar ta hanyar shigar da lambar da ke manne a ƙarƙashinta, kamar Service Tag mai haruffa da lambobi 7 a kwamfutocin Dell. Wajibi ne a dace da nau'in Windows, ko 32-bit ko 64-bit, a ajiye madogarar komawa baya kafin a fara, sannan a riƙa girkawa ɗaya bayan ɗaya, domin idan matsala ta ɓullo a gane mai laifi a janye shi. Idan Windows ya yi gargaɗin cewa direba ba shi da hatimi, tsayawa ake yi, ba kashe gargaɗin ba.

Shi kansa Windows ɗin ma abin dubawa ne: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a ranar 14 ga Janairu, 2020, don haka kwamfutar da ke kansa a buɗe take ga haɗari tun kafin a soka mata filas. Ana kira ga masu shagunan buga takardu da rajistar jarrabawa a Illela, waɗanda hotuna da lambobin shaidar jama'a ke wucewa ta kwamfutocinsu, da su tambayi mai gyara inda ya samo kowane direba kafin su bari ya girka shi.