Darasi: Yadda Za A Tara Kuɗin Kai 'Yan Makaranta Kallon Majigi

Dattawa suna tune da motar majigi ta zamanin En'e. Takan sauka a gari da yamma, a kafa farin ƙyalle, mai bayani yana fassara wa jama'a da Hausa. Ta haka aka nuna Baban Larai a shekarun 1950, manoma da yawa suka ga sabuwar hanyar noman auduga da idonsu. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Abin da yaro ya gani yakan zauna masa fiye da abin da aka rubuta a allo.

A unguwar Nasarawa ta Kano akwai masu hali, ga ma'aikata, ga 'yan kasuwa. Amma dab da ita, a Badawa, Giginyu da Kawo, akwai yaran da iyayensu ke fama da kuɗin littafi. In ba a taimaka ba, waɗannan yara ba za su sami irin wannan fita ba.

Wane fim za a nuna?

A zaɓi wanda yaro zai ga ɗan talaka irinsa a ciki. Ga misali, The Boy Who Harnessed the Wind, na 2019, wanda Chiwetel Ejiofor ya shirya. Labarin William Kamkwamba ne na ƙasar Malawi. Yunwa ta auka wa ƙasarsu a 2001, ya bar makaranta don rashin kuɗi. Ya ci gaba da karatu a ɗakin littattafai, har ya haɗa injin da iska ke juyawa da tarkacen keke da ƙarafan bola, ya kawo lantarki gidansu. Fim ɗin ba da Hausa yake ba, saboda haka malami ɗaya ya kalle shi tukuna, ya zama mai bayani kamar na majigi.

Ina za a sami kuɗi?

A 2018 wani saurayi a Amurka, Frederick Joseph, ya nemi gudummawar dala 10,000 don ya kai yaran unguwar Harlem kallon Black Panther. Ya sami fiye da dala 40,000. Mutane sun bayar domin ya faɗi abin da za a yi da kuɗin a fili. Mu ma ga matakan da za mu bi:

1. A kafa kwamiti na malamai da iyaye. Ma'aji daban, magatakarda daban.
2. A rubuta lissafi kafin a roƙi kowa: kuɗin mota, hayar zaure da na'urar haska fim, mai na janareta, ruwa da abinci. A raba jimlar da yawan yara.
3. In an je wurin mai hali a Nasarawa, kada a ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka mana." A ce, "Kuɗin yaro ɗaya kaza ne, yara nawa za ka ɗauka?"
4. Wanda ba shi da kuɗi ya ba da aron mota ko zaure. Wannan ma gudummawa ce.
5. Kada a bar yaro a baya don uban bai biya ba. Dominsa aka yi tafiyar.
6. A nemi yardar iyaye da ta ofishin ilimi, a kuma bi ƙa'idar Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano. Malamai mata su raka 'yan mata.

Tun da an riga an biya mota, a biya da yaran Gidan Dan Hausa, gidan Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909.

Bayan an dawo

Kallo kaɗai ba darasi ba ne. Washegari kowane yaro ya faɗi abin da ya koya, aji kuma ya gwada ƙera ƙaramin abu da tarkace. Cikin mako guda ma'aji ya karanta lissafi a gaban iyaye, a aika wa masu gudummawa da takardar godiya tare da lissafin. Wanda ya ga inda kwabonsa ya shiga zai sake bayarwa baɗi.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Don me ake rubuta lissafi kafin a roƙi gudummawa?
2. Su wa za mu fara tuntuɓa a unguwarmu?
3. Wace matsala ce a garinmu yaranmu za su iya gwada warwarewa kamar William?