Sabon inji a tsohuwar Hilux

Wani mai sauraronmu, direba daga Doguwa, ya ce yana jigilar masara daga Riruwai da tsohuwar Toyota Hilux mai jan ƙafa huɗu. Injinta ya gaji, yana tambaya ko zai iya sa mata na zamani.

Malam, ana yi, amma a fara duba giya. Giya ita ce babbar magana. Idan bakin sabon injin bai yi daidai da giyar motarka ba, ka rasa jan ƙafa huɗun da ke fitar da kai daga taɓo da damina.

Sai wuta. Tsohon inji kamar 22R da kafireto yake aiki. Na bayansa, irin 3RZ-FE, injekta ne, ba ya tashi sai da ƙwaƙwalwarsa. In ka je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ka saye shi da ƙwaƙwalwarsa da wayoyinsa, ka tafi da bakanikenka. Kada a raba su, Malam. Famfon mai ma sai an canza, a duba lagireto.

Lambar injin kuma a gyara ta a takardun mota.