Darasi: Idan Mota Ta Iso Layin Dogo

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi abin da doka ta ɗora wa direba idan ya iso inda titi ya ratsa layin dogo.

Mu mazauna Kura da Bunkure ba ma rabo da hanya, musamman da rani, lokacin da akori-kura ke kwasar tumatir daga gonakin Kadawa. Layin dogon da ya iso Kano a 1911 ya bi ta maƙwabtanmu, Madobi da Kwankwaso da Challawa, don haka mai zuwa biki ko asibiti ta wajen tana iya tsallaka shi. Jirgi ya yi ƙaranci shekara da shekaru, har wasu direbobi sun daina ko rage gudu. To, a nan haɗarin yake.

Jirgi ba ya kaucewa, kuma saboda nauyinsa ko an taka birki sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya. Shi ya sa hanya tasa ce. Ƙa'idojin tuƙi, waɗanda Hukumar Kiyaye Haɗurra da aka kafa a 1988 ke kula da su, sun wajabta wa direba:

1. Ya rage gudu tun daga alamar gargaɗi.
2. Ya tsaya, ya duba dama da hagu, ya saurara.
3. Idan an sauke shinge ko an ɗaga jar tuta, ya jira. Ba ratse, ba zagaye.
4. Kada ya wuce wata mota a wurin.
5. Kada ya hau layi sai ya ga sarari a gabansa.

Idan mota ta mace a kan layi, a bar kaya, a fito da yara, a yi nisa.

Ranar 9 ga Maris 2023 jirgi ya buge motar ma'aikata a Ikeja, Legas, aƙalla mutum shida suka rasu, alhali an yi wa direban alamar tsayawa.

'Yar uwa, kar kunya ta rufe miki baki. Ko direban haya ne, ko ɗan acaɓa, ko maigida, ki ce da ladabi, “Malam, don Allah a tsaya a duba.” Ki koya wa yara ma. Ranki amana ne. Allah Ya kiyaye hanya, amin.